Jan Ɗigo a Katin Ya Falmata

Abu na farko da na lura da shi ranar da na fara zuwa bankin da Baba yake aiki shi ne allon da aka jingine a bakin ƙofa. Baƙin allo ne irin na aji. A samansa an rubuta da farin fenti, RUWAN AJIYA A SHEKARA, amma lambar da ke ƙasa da alli aka rubuta ta. Biyar ce. Wurin da take zaune ya yi fari-fari, alamar an sha rubutawa ana gogewa. Na tsaya da kwanon abincin Baba a hannu ina kallo, har wani dogon mutum ya leƙo ta tagar kanta ya ce in shigo kafin miyar ta huce. Shi ne Yohanna, kashiyan bankin, ɗan ƙauyen Duvu. Shekarata goma sha uku a lokacin, ba mu daɗe da tasowa daga Wuro Patuji zuwa gidan haya a unguwar Yelwa ba, saboda an ba Baba manajan wannan ƙaramin bankin al'umma mai ɗaki uku.

Nana da Sadiƙu, ku nake rubuta wa. Kun sha ji a bakin dangi cewa kakanku ya kusa nutsar da kuɗin mutane, shi ya sa aka sauke shi. Da, ina cewa in kun girma zan buɗe muku akwatin ƙarfensa ku ga takardun da idonku. To kun san yadda muka bar garin nan da ƙafa a shekarar gudu, da abin da muka tarar da muka dawo. Akwatin babu, ginin bankin ma babu rufi. Abin da ya rage shi ne abin da ke kaina, kuma akwai wani ɓangare da ko a cikin akwatin babu shi, domin nawa ne.

Kullum in an tashi makaranta sai in biya gida in ɗauki abincin Baba, in kai masa, in zauna har a rufe mu dawo tare a kan babur ɗinsa. Ba na magana. Ba wai ba ni da abin faɗa ba ne, maganar ce ba ta fitowa in idon babba yana kaina. Yohanna ba ya gajiya da tsokanata da irin Hausarsa.

"Manaja, wannan yarinya naka yana magana kuwa? Ko sai an jefa masa kwabo?"

Don kada in yi zaman banza, sai suka ba ni aikin jera katunan ajiya a cikin akwatinsu bisa lamba. Kowane mai ajiya yana da kati a banki, shi kuma yana riƙe da ɗan littafi. A nan na san jan ɗigo. Duk wanda ya zo buɗe ajiya, Yohanna yakan tambaye shi, "Da ruwa ko ba ruwa?" Malaman makaranta, ma'aikata da manoman Duvu yawanci sukan ce da ruwa. 'Yan kasuwa Musulmi, musamman mutanen Borno, sai su ɗaga hannu su ce a'uzubillahi, su dai a riƙe musu kuɗinsu kawai. Su ne Yohanna ke yi wa ɗigo da jan biro a kusurwar kati, kuma ranar biyan ruwa, ƙarshen Fabrairu da ƙarshen Agusta, tsallake su ake yi. Da na ɗan kwana biyu ina jerawa na gane masu jan ɗigo ba su kai sauran yawa ba, amma katunansu sun fi kauri, kuma lambar da ke layinsu na ƙarshe ta fi tsawo. Mafi kauri duka na Ya Falmata ne, shugabar mata masu sayar da kifin banda. Kati uku ne aka haɗa da fil, da kuɗinta da na adashen matan layinsu, kuma ko ido rufe zan iya zaro shi, don ƙamshin hayaƙin kifi yake yi inda take dangwala yatsa.

Ranar Asabar akwai karatun matan aure a Islamiyyar unguwarmu. Mu 'yan mata mukan zauna can baya kusa da takalma. Wata Asabar a cikin bazara wata mata ta tambayi Malam, ta bayan labule, game da kuɗin ruwan da suke bar wa banki. Malam ya ce cin sa dai bai halatta ba, amma barin sa ma ba dole ba ne. Ya ce akwai malaman da ke ganin gara mutum ya karɓa ya zuba shi a wata buƙata ta jama'a, kamar gyaran kwata ko masai, ba tare da ya sa ran lada ba. Ajin ya ɗauki hayaniya. Kowa ya san layin 'yan kifi a kasuwa ba shi da kwata, duk damina ruwa ne ke kwanciya a rumfuna. Sai na ji muryar Ya Falmata, mai kauri, daga layin gaba.

"Wannan ɗan abin? Ko buhun siminti goma ba zai saya ba. A bar musu su sha shayi. Ranar da ya yi kauri ma je mu karɓa."

Aka yi dariya, aka koma kan karatu. Ni ma na yi dariya a cikin hijabina. Ban ɗauke shi wani abu ba.

A watan ne wani ofishin ajiya ya buɗe kusa da tasha. Suna yawo da mota mai lasifika, suna alƙawarin ruwa mai yawa, suna ba duk wanda ya buɗe ajiya bokitin roba. Sai katunana suka fara raguwa. Kullum Yohanna zai ja layi biyu a kan kati huɗu ko biyar ya miƙo mini in sa a akwatin waɗanda suka rufe. Har ƙanensa ya zo ya kwashe nasa, ya wuce ta gaban taga washegari da sabon bokiti shuɗi. Wata Lahadi da la'asar sai ga Alhaji Modu a gidanmu, shugaban daraktocin bankin, mai shagunan atamfa. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashin dalbejiya, Dada, wato mahaifiyata, ta aike ni da shayi. Na durƙusa ina zubawa, su kuma ba su fasa maganarsu ba, don ba wanda ke fasa magana saboda ni.

"Malam Jibrilla, mutane na gudu. Ka shafe biyar ɗin nan ka sa sha biyu."

"Alhaji, naira ɗari in na ba manomi bashi, ashirin take kawo mini a shekara. Cikin ashirin ɗin akwai albashi, akwai haya, akwai man inji, akwai na wanda gonarsa ta ƙone bai biya ba. Abin da ke saura bai wuce takwas ba. In na biya sha biyu, daga aljihun wa?"

"Daga aljihun masu tsoron Allah mana! Rabin abin da ke cikin sef ɗinka na ajiyar kuɗi na mutanena ne, ko kwabo ba sa karɓa. Sha biyu ce a allo, a aljihunka shida ce. Ko lissafin ma sai na koya wa ɗan boko?"

Baba ya ajiye kofin shayinsa. Na ga leɓensa yana motsi, haka yake yi in yana lissafi. Can ya ce:

"In jan ɗigo ya zauna yadda yake, za ta ɗauku."

"Ina zai je? Mu dai ba ma canza addini don bokiti."

Butar shayin na hannuna. Na ji muryar Ya Falmata a kunnena sarai, ranar da ya yi kauri ma je mu karɓa. Na kuma tuna matar Alhaji Modu kanta a gefenta take zaune ranar, ita ce ma ta fi kowa dariya. Maza biyu suna gina lissafi a kan abin da matan unguwa suka riga suka yanke, kuma duk tsakar gidan ni kaɗai na sani. Na buɗe baki. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ƙaro sukari, 'yar manaja." Na ƙara masa sukari, na ɗauki faranti na koma ciki.

Na sha tambayar kaina me ya hana ni faɗa wa Baba bayan baƙon ya tafi. Da farko na ce manya ai sun fi ni sani, ba zai yiwu a ce ba su ji ba. Na manta cewa tambayar a ajin mata aka yi ta, kuma a garinmu abin da aka faɗa a bayan labule yana iya shekara bai isa masallacin maza ba. Da safiyar Litinin Baba da hannunsa ya goge biyar ya rubuta sha biyu. Daga nan kuma sai abin ya zama in na faɗa, tambayar farko ita ce me ya sa ban faɗa jiya ba. Kowace rana ta wuce sai faɗar ta ƙara nauyi.

Kuma da farko abin ya yi kyau, har na ce ƙila tsorona na banza ne. Waɗanda suka tafi suka fara dawowa, sababbi suka biyo su. Layi yakan kai har bakin titi ranar kasuwa. Katuna suka ƙare aka sake bugo wasu. Alhaji Modu yakan tsaya da motarsa a tsallake yana kallon layin yana gyara hula. Baba ya sayo tsire ranar Juma'a biyu a jere, abin da bai saba ba. Da ruwan farko ya sauka, manoma suka zo neman bashin taki da iri, Baba ya ba da hannu sake, domin kuɗin da aka ɗauko da tsada ba a barin sa kwance a sef. Kuɗin ya tafi gonakin Duvu da Wuro Patuji da ƙauyukan bayan mayo, wato kogin garinmu, ba zai dawo ba sai kaka, in gyaɗa da masara sun shigo kasuwa.

Mace ta farko ta zo ne ana tsakiyar noman farko. Ina zaune a ƙasa bayan kanta da akwatin katuna a cinyata. Ta miƙa littafinta ta taga.

"A goge mini jan nan."

"Wane ja, Mama?"

"Wanda ka ɗiga mini. Yanzu ina so da ruwa."

Yohanna ya yi dariya ya ce ashe Mama ya waye. Ta ce ya kama bakinsa, ba ci za ta yi ba, kwata za su gina. Jan biro ba ya goguwa, sai ya zagaye ɗigon da shuɗi ya sa hannu. Ya miƙo mini katin na mayar da shi akwati. Washegari mata uku suka zo. A sati na gaba mazansu suka fara zuwa, suna magana ƙasa-ƙasa, kowa da masallacin da zai gyara wa masai. Ni ce mai jera katunan, don haka kafin Baba ya haɗa lissafi ni na riga na ga yadda shuɗi ke cinye ja a cikin akwati.

Baba bai yi faɗa da kowa ba. Abincinsa ne ya fara dawowa gida rabi, daga baya sai ya buɗe kwanon ya duba ya rufe. Sau biyu ya wuce kwanar gidanmu a Yelwa da babur, sai da muka kusa fita unguwa ya farga. Wata rana a hanya na tattara duk ƙarfina na ce, "Baba." Ya ce, "Na'am, Asma'u." Iska na kaɗa rigarsa a fuskata. Na ce ƙafata ta taɓa salansar babur. Ya tsaya ya duba ƙafar, bai ga komai ba, ya ce in riƙa kula.

Dada ba ta san boko ba, amma ta san kwanon da ya dawo da tuwo. Wata safiya tana dama kunu ta ce masa:

"Malam, ba ka ce da alli aka rubuta ba? Ka shafe mana."

"A allo alli ce. A bakin mutane alƙawari ce. In na shafe kafin in biya na Agusta, kafin azahar an ce banki ya karye, kowa ya zo neman uwar kuɗinsa a rana ɗaya. Kuɗin kuwa yana gona."

"To Alhajin da ya sa ka fa?"

"Ya ce ni ne manaja. Ya tafi Maiduguri saro kaya."

"Su kuɗin mutane, in ba a biya ba, me ake yi wa mutum?"

Baba ya juyo. Ya dube ni ina ɗaure takalmi ya ce, "Abin da ake faɗa a gidan nan, a gidan nan yake kwana." Na ce to. Ban taɓa ganin ya ga buƙatar faɗa mini haka ba sai ranar.

Saura sati biyu a biya ruwa Ya Falmata ta zo da kanta. Ta cika tagar da lafayarta, ta ce wushe, gaisuwarsu ta Barebari, ta sa aka kira mata manaja. Ta ce a zagaye mata katunanta duka uku. Ta ce matan layin kifi gaba ɗaya za su zo tare ranar biya, sun riga sun yi magana da magini, an auna kwata daga rumfar farko har bakin mayo. Baba ya yi murmushi ya ce madalla, Allah ya kai mu. Da ta fita ya zagaya bayan banki inda famfo yake. Na ji ruwa yana zuba ya daɗe. Da ya dawo gaban rigarsa a jiƙe yake. Ya zauna da Yohanna suka baje takardu. Na ji yana cewa in ya sayar da babur, aka jinkirta albashinsu su biyu, za a iya biyan kowa, ban da matan kifi. Nasu ne ya fi ƙarfin sef. Da za su jira kaka, da an haye.

Yohanna ya ce da irin Hausarsa, "Ka je ka roƙe shi mana, Manaja. Mutum ne."

"Manajan banki ya je kasuwa yana roƙon mai ajiya ta yi haƙuri? Yohanna, matar nan ita ce rediyon kasuwa. In ta ji sau ɗaya, kai da ni a ofishin 'yan sanda za mu yi sallar la'asar."

"Ni ba na salla."

"Ranar za ka koya."

Suka yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ni kuwa ina ƙasa da katin Ya Falmata a hannu, shuɗin bai gama bushewa ba.

Kwana uku na yi ina juya abin. Na san abin da Baba ya hana. Na san in na faɗa mata ta yi ihu a kasuwa, ni ce na kai ubana kurkuku da bakina, bakin da ya ƙi buɗewa lokacin da buɗewarsa za ta yi amfani. Na kuma san in ban je ba, ranar biya za ta zo, mata talatin su tsaya a taga, Yohanna ya buɗe durowa a ga ƙasanta. Ranar Juma'a an tashe mu da wuri. Maimakon in nufi gida ɗaukar abinci, sai na nufi kasuwa da kayan makaranta a jikina.

An yi ruwa da safe. Layin 'yan kifi ya cika, ruwan baƙi ne, ya kai idon sawu, ƙaya da ɓawon albasa na yawo a kai. An ɗora kwandunan kifi a kan bulo da tsofaffin tayoyi. Na cire takalmina na riƙe a hannu. Ya Falmata na zaune a kan wani dogon benci ta naɗe ƙafafu, tana ciniki da wani mutum. Na tsaya a gefe. Ya tafi, wani ya zo, shi ma ya tafi. Ban san iya tsawon tsayuwar da na yi ba, sai da na ji yatsun ƙafata sun yi sanyi.

"Ke, ba 'yar manaja ba ce, kurman nan? Kifi aka aiko ki, ko tsayuwa kike sayarwa?"

Matan rumfunan kusa suka yi dariya. Na ce ina son magana da ita. Ban ji muryata ba, amma ita ta ji. Ta dube ni sama da ƙasa, ta sauko, ta ja ni bayan rumfa inda ake jibge buhuna, ta saki tsumman labule. Wurin duhu-duhu, hayaƙin kifi ya kama komai. Na kafa ido a kan buhu, don in na kalli fuskarta ba zan iya ba. Na faɗa mata duka, tun daga Asabar ɗin Islamiyya da abin da ta ce, da lissafin Alhaji a ƙarƙashin dalbejiya, da sukarin da na ƙara masa. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan da wani babba ba. A ƙarshe na ce ba cewa nake su bar kuɗin ba, su jira kaka kawai.

Da na gama sai ta tambaye ni:

"Babanki ne ya turo ki?"

"A'a."

"Rantse."

Na rantse.

"Uwar kuɗina fa? Tana nan?"

"Tana gonar mutanen Duvu."

"Gonar mutanen Duvu! Ni Falmata, na kwaso kifi tun daga bakin tafki, ashe masara nake nomawa ban sani ba!"

Ta ɗaga murya, na ce a raina shi ke nan. Ta yaye labulen ta leƙa waje, ta yi wa wata da ta matso tsawa ta ce ta koma kan kifinta. Ta sake labulen. Ta nuna mini ruwan da ke shigowa ta ƙarƙashin kwano yana lasar gindin buhuna.

"Kin ga wannan? Bara buhu huɗu ya ruɓe mini. Bana na ce na huta. Wato Modu ya zauna ya yi ciniki da tsoron Allahn da muke yi, babanki kuma ya sa hannu."

"Baba bai so ba."

"Bai so ba, amma hannun wa ya riƙe alli?"

Hawaye na zuba, ina share su da hannun da ke riƙe da takalmi. Ta ja tsaki, ta fizge takalmin ta ajiye a kan buhu.

"Kina shafa wa fuskarki taɓo. Saurara. In na je na kwashe yau, ba ni kaɗai zan rasa ba, har matan da suka ba ni amanar adashensu. Don haka zan jira, ba don babanki ba. Zan ce wa mata magini ya ce siminti ba ya kamawa cikin ruwa. Amma ranar da sabuwar gyaɗa ta cika kasuwar nan zan zo in kwashe nawa, uwa da ruwa, kwabo ba zan bari ba. Ba na kwana da kuɗi a inda ake lissafi da abin da ban sani ba. Kin ji?"

Na ce na ji.

Duka alƙawuran biyu ta cika. Ranar biya matan kifi ba su zo ba. Baba ya tsaya a bayan Yohanna tun safe har aka rufe yana kallon ƙofa, bai gane dalili ba. An sayar da babur, aka biya kowa, muka koma tafiya gida da ƙafa. Damina ta yi kyau, manoma suka biya, har wasu da buhu maimakon kuɗi. Ana fara ganin gyaɗa a kasuwa Ya Falmata ta zo da mata biyu da jakar fata, ta rufe katunanta uku, ta gaisa da Baba cikin mutunci ta tafi. Rabin layin kifi suka bi ta. Baba ya sauke lambar zuwa bakwai, wadda banki zai iya ɗauka, masu bin ruwa mai yawa suka sake watsewa. Ofishin tasha ya ɓace da kuɗin mutane kafin wata daminar, amma wannan bai sa kowa ya zo ya ce wa Baba sannu ba. Da daraktoci suka zauna, Alhaji Modu ya dawo daga tafiya, tambaya ɗaya suka riƙe: me manaja ya yi wa babbar mai ajiyarsu har ta tafi? Baba ya ce bai sani ba, kuma gaskiya ya faɗa. Suka ce manajan da bai san wannan ba, bai san aikinsa ba. Muka koma Wuro Patuji, ya kama fartanya yana da shekara kusan hamsin. Babu mai ajiya ko ɗaya da ya rasa kwabonsa a hannun kakanku. Wannan ku riƙe shi.

Har ya tsufa, in hira ta biyo ta kan banki, sai ya girgiza kai ya ce, "Ni dai har yau ban san abin da na yi wa Falmata ba." Ina zaune a wurin sau da yawa, da aurena, da ku a bayana. Ita ma ya taɓa tare ta a wani suna ya tambaye ta, ta ce masa kasuwa ce kawai ta juya. Ya rasu bai sani ba, kuma kada ku ga laifinta a kan wannan.

Domin a ranar, bayan ta miƙo mini takalmina ta ce in wuce kafin a neme ni a gida, na fita har na kai rumfa ta uku. Sai na juyo cikin ruwan na dawo. Ta riga ta hau bencinta tana kora ƙuda daga kan kwando.

"Me kuma? Yau bakin ya buɗe ya ƙi rufuwa?"

Na matsa kusa yadda matan gefe ba za su ji ba.

"Ya Falmata, don girman Allah, kada Baba ya ji na zo."